Ranar "eko": yadda mai ciki ke rasa hoton ciki tsakanin takarda da ƙofar likita



Batun wannan zama shi ne hoton ciki, wanda a gidajen likita na Nijar aka fi sani da "eko". Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta je awo sau takwas, kuma a yi mata hoto sau ɗaya kafin cikin ya cika mako 24. Da hoton ake sanin ainihin kwanakin ciki, a gane ko tagwaye ne, a kuma hango wasu lahani. In ciki ya tsufa, shi ke nuna ko jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, abin da kan jawo zubar jini mai kisa. Macen da aka gano tana da irin wannan tun da wuri, ana shirya mata tiyata a cikin natsuwa. Wadda ba a gano ba, a kan amalanke ake kawo ta cikin dare.

Ana yawan cewa matsalar rashin na'ura ce. Akwai wannan, babu musu. Amma sau da yawa na'urar tana nan, mai aikin yana nan, macen ma ta zo, hoton kuwa bai samu ba, domin babu wanda ya yi mata magana.

A ɗauki misalin wata mace daga ƙauye. Kunya ta hana ta zuwa awo sai da cikin ya fito, kamar yadda aka saba musamman a cikin fari. Ungozomar ƙaramin gidan likita ta rubuta mata takarda da Faransanci, ta ce ta kai babban gari. Ba a faɗa mata ƙofar da za ta nufa ba, ko kuɗin da za ta riƙe, ko cewa ranar farko suna kawai ake rubutawa. Maigida ya sayar da tiya biyar ta hatsi, suka jira motar ranar kasuwa. A can, mai gadi ya tura su wurin biyan kuɗi, mai karɓar kuɗi ya ce sai an buga hatimi, mai hatimi ya fita. Da azahar aka rubuta mata kwanan wata a gefen takardar, da lambobi, alhali ita lissafinta da watan sama da ranakun kasuwa take yin sa. Ran da ta komo, babu kuran, ko likita ya tafi taron ƙara wa juna sani. Lambar salular mijinta tana cikin rajista, amma ba wanda aka ɗora wa kiran. Zuwa na uku kuwa, wane magidanci ne zai sake sayar da hatsi?

Abin da ya fi ciwo shi ne ba da rana bisa layi kawai. Mai wata huɗu da mai wata takwas da ke ganin jini, littafi ɗaya ake jera su, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Ciki kuwa ba ya jiran littafi. Ko an yi hoton, sakamakon ma da Faransanci yake fitowa, a naɗe shi cikin karne, mace ta koma gida ba ta san abin da aka gani a cikinta ba.

Mahukunta za su ce an yi ƙoƙari, kuma gaskiya ne. Bayan tsarin Bamako na 1987, wanda ya sa majinyaci biyan wani kaso, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, zamanin shugaba Tandja Mamadu an mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. Sai dai jinkirin da baitulmali ya riƙa yi wajen mayar wa gidajen likita kuɗinsu ya bar su cikin bashi, kuma talaka ya kasa bambance abin da ke kyauta da abin da ake biya. Inda farashi ba a bayyane yake ba, nan ɗan hanya ke samun abinci, nan kuma ake raɗa wa mace sunan wata kilinik ta kuɗi inda babu layi. Ba a ce duk ma'aikata haka suke ba. Ungozoma ɗaya da ke duba mata tun safe har la'asar ba ta da bakin yi wa kowa dogon bayani.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a fara ganin haka a ƙofar gidan haihuwa. A liƙa farashi da ranakun hoto a bango, da boko da ajami, gidajen rediyon karkara su riƙa sanarwa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Ungozomar da ta rubuta takarda ita ya kamata ta kira babban gari ta karɓo rana tun macen tana zaune gabanta, ta kuma rubuta makonnin cikin domin a san wadda za a fara gani. In na'ura ta lalace, kiran minti ɗaya ya isa ya hana tafiyar kilomita ɗari. Kuɗin katin wayar da za a yi wannan da shi, kwamitin kula da gidan likita da magajin gari suna iya sa shi cikin kasafin bana, kuma masu sauraro suna da ikon tambayarsu a zama mai zuwa ko sun sa.