Gyauron Cutar Daji Bayan Aikin Tiyata: Lacca Ga Manoman Rani Na Kura Da Bunkure

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu dattawa, da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani da suka taso daga Kura da Bunkure da Kadawa da Garun Malam, ina yi muku godiya bisa wannan dama da kuka ba ni in tsaya gabanku, alhali a cikinku akwai waɗanda suka haife ni, in yi magana a kan mas'alar da kunya ta saba hana mu ambatonta a bainar jama'a.

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai ya iso waɗannan fadamu, babu manomin da bai san gyauro ba. Mutum ya yanke shinkafarsa, ya sheƙe, ya kwashe buhunansa har ya ga fili ya yi fes, amma ran da aka sake sakin ruwa sai ga tsiro nan da can, daga ƙwayoyin da suka zube ido bai gan su ba. To, haka al'amarin yake ga cutar dajin wannan ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ya kewaye hanyar fitsari, likitoci kuma suke kiransa furostet. Idan aka gano cutar da wuri likita yakan cire ƙullutun ɗungurungum, sau da yawa kuwa shi ke nan an rabu da ita. Sai dai a cikin kowane maza goma da aka yi wa wannan aiki, biyu zuwa huɗu gyauronta yakan ɓullo bayan watanni ko shekaru, galibi a gurbin da aka cire ƙullutun.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne sababin zuwana, shi ne gyauron nan ba ya fara bayyana a jiki. A jini yake fara nuna kansa, a lokacin da mutum yake cin tuwonsa lafiya, yake hawa babur zuwa gona, babu inda ke yi masa ciwo. Akwai wani sinadari da ake kira PSA, wanda ƙullutun nan ne ke samar da shi, saboda haka idan an cire shi duka wajibi ne sinadarin ya ɓace daga jini cikin kimanin mako shida. In kuwa aka auna daga baya aka ga ya kai 0.2, aka sake awo ya tabbata, wannan hujja ce cewa akwai saura. A nan ina roƙon kowane dattijon da aka taɓa yi wa aiki ya tambayi likitansa wane irin aiki ne, domin da yawa daga cikin iyayenmu kumburi ne kawai ya toshe musu fitsari aka rage musu ƙullutun, hukuncin awonsu kuwa daban yake.

Maganin wannan gyauro shi ne abin da jama'a ke kira gashi, sunan da ya firgita mutane da yawa ba bisa haƙƙi ba, don babu wuta a cikinsa, babu zafi. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda Bajamushen nan Rontgen ya gano a 1895, ake saita shi daidai gurbin nan bayan an ɗauki hoto an auna, ya lalata ƙwayoyin cutar. Mutum yakan kwanta a kan na'ura 'yan mintuna kaɗan, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai, a wasu wurare kuma an taƙaita shi zuwa zama 20 cikin mako huɗu. Ya tashi ya tafi masaukinsa da ƙafarsa, ya ɗauki jikokinsa, babu abin da zai shafe su. Ba zan ɓoye muku illolinsa ba, domin amana ce: akwai kasala, da yawan fitsari, da lalacewar ciki, wanda kuma fitsari ke zubo masa tun bayan tiyata abin yana iya ƙaruwa, haka nan raunin mazakuta. Sau da yawa akan haɗa da allurar da ke rage sinadarin maza na wata shida ko fiye, domin tun 1941 Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya nuna cewa da wannan sinadari cutar take rayuwa.

An daɗe ana saɓani tsakanin masana: shin a gasa kowa da zarar ya warke daga tiyata, ko a jira sai awo ya motsa? A 2020 aka fitar da sakamakon manyan bincike uku daga Ingila da Faransa da Ostireliya, waɗanda suka haɗa maza fiye da 2,000, aka ga wanda aka jira ya sami fa'ida daidai da wanda aka gaggauta wa, ga shi da yawa sun tsira daga gashin da ba su bukata. Amma ku lura da sharaɗin, don a kansa komai ya rataya: jiran nan jira ne na mai tsaron gona, wanda yake awo a kai a kai, duk wata uku ko shida a shekarun farko, a kuma fara gashi tun lambar ba ta wuce 0.5 ba. Wanda ya ce sai ya kwashe tumatir, sai ya sayar da alkama, sai bayan damina, har ciwon baya da na ƙugu suka kai shi asibiti, to, sau da yawa cutar ta riga ta shiga ƙashi, a lokacin kuwa gashi sauƙaƙa raɗaɗi kawai yake yi. Na ga irin wannan da idona a kan wani dattijo da nake girmamawa, wanda takardar awonsa ta yi shekara biyu a aljihun rigarsa, har yau abin bai bar zuciyata ba. Malamanmu suna nan zaune, sun fi ni sanin cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Na san nauyin da ke ciki. Awon jini ana yinsa nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasunsa, tafiyar da ba ta kai yini ba. Amma gashi yakan kai mutum Shika a Zariya, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ko Sakkwato, inda layi yake da tsawo, ga kuɗin magani, ga na masauki, ga gona an bar ta mako bakwai a tsakiyar rani ba mai ba ta ruwa. Wannan ne yake hana talaka tafiya fiye da tsoron na'ura.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu, ku da kuka iya tsara rabon ruwa da gayyar yashe magudanai, ku ware wani abu daga kowane girbi domin 'yan'uwanku masu wannan lalura, ku kuma ɗauki alkawarin kula da gonar duk wanda ya tafi gashi har ya dawo. Ku kuma samari, wanda duk aka yi wa mahaifinsa wannan aiki, ya je gida yau ya nemi takardar asibitin, ya duba ranar awo na ƙarshe. In ta wuce wata shida, ya kai shi cikin makon nan.