Itacen da Ba Ya Cikin Lissafi

Karatunmu na yau daga Littafin Firistoci ne, sura 25, inda Allah ya umarci Isra'ilawa su noma ƙasa shekara shida, a ta bakwai su bar ta ta huta. A aya ta 23 ya tuna musu cewa shi ne mai ƙasar, su zaman baƙunci suke yi.

A idon ɗan kasuwa wannan doka hasara ce, gama lissafin duniya abin da aka sayar kaɗai yake ƙirgawa. In an sare gawo an yi gawayi, kuɗi sun shigo, masu auna arzikin ƙasa su rubuta an sami ƙari. Amma gawon da ke tsaye a gona, wanda ganyensa ke zama taki, 'ya'yansa su ciyar da awaki da rani, ba a rubuta masa ko kwabo. Haka ake yi da fetur da kwal: a rubuta kuɗinsu, a ƙyale hayaƙinsu da ke ƙara wa duniya zafi. Bashin kuwa manomin da damina ta rikice masa shi ke biya.

Ba ma zargin uwar da ke dafa tuwo da gawayi domin kuɗin gas ya fi ƙarfinta. Ba ita ta ƙago wannan mudu ba.

An taɓa gwada wani lissafin dabam a ƙasar Maraɗi ta Nijar. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya ga dashen itatuwa yana ta mutuwa. Sai ya lura kututtukan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Abin yi shi ne manomi ya zaɓi 'yan tofo masu ƙarfi, ya yanke sauran. Ana kiransa sassabin zamani. Da fari da yawa sun ƙi, kuma suna da hujja: a dokar wancan lokaci itace na gwamnati ne, don me mutum zai yi renon abin da ba nasa ba? Da manoma suka tabbata su za su ci amfanin, aikin ya bazu. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar, a fili kamar hekta miliyan 5.

To, mu fa, ikkilisiya? A rahotonmu na ƙarshen shekara muna karanta baiko da zakka da buhunan siminti. Ɗorawar da muka sare don faɗaɗa majami'a ba ta fitowa a ko'ina. Muna roƙon dattawa, bana ma'aji ya ƙara layi ɗaya: itatuwa nawa ke tsaye a filin ikkilisiya da gonarta, nawa aka sare, wa kuma ya ba da izini.

Bari mu yi addu'a.