Damargu Ma Makarantar Horar da Malamai Ce

Jarrabawar da gwamnatin Nijar ta yi wa malamai 'yan kwantiragi a 2017 ta auna iliminsu a takarda, amma ba ta auna yadda suke tsayuwa gaban yara ba. Wanda ya fito daga makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed a Damagaram, in aka tura shi Tarka ko Tenhiya a yankin Damargu, zai tarar da ajin zana, da yaran da suka tashi da Hausa, Tamajak ko Fillanci, wasunsu kuma in rani ya tsananta sai su bi iyayensu kiwo. Birni ba ya koyar da wannan. Ya kamata makarantar ta ƙulla yarjejeniya da lakwal ɗin Tanut da Belbeji, ɗalibinta ya yi watanni can ƙarƙashin tsohon malami, a kuma riƙa tambayar yara abin da suka gane.

Wasu za su ce yaro bai isa ya auna babba ba, tarbiyya za ta lalace. Ai ba maki zai bayar ba. Zai dai nuna inda bayani ya ɓace masa, abin da sufeto mai zuwa jefi-jefi ba zai gani ba. Batun nisa da kuɗin guzuri kuwa gaskiya ne. Hukumomin ilimi na Damagaram, ku sa shi cikin kasafi.