Yaron da Ba Ya Cikin Rajista: Jawabi ga Iyaye da Malamai



 

Sau da yawa idan ma'aikatan lafiya suka tsaya a ƙofar gida da littafi da alƙalami, suna tambayar yawan yara da shekarunsu, sai maigida ya tsargu. Ba abin mamaki ba ne, domin Bahaushe bai saba ƙirga 'ya'yansa a gaban baƙo ba. To amma malamanmu sun fi ni sanin cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya kafa diwani, aka rubuta sunayen jama'a don kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Da ya gano wata uwa tana gaggawar yaye ɗanta saboda sai yayayye ake yanka wa rabo, sai ya ba da umarni a yanka wa kowane jariri tun daga haihuwa.

Irin wannan rubutu ne ya taimaka a yaƙi da shan-inna. Wajen shekarar 2012 aka fara zana taswirar garuruwan Arewa da hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga ƙauyuka da rugage da babu su a tsohuwar taswirar hannu. Yaransu ba ƙin allura suka yi ba, ba a san da su ba ne. Rabon da a sami shan-inna na asali a Nijeriya tun 2016 a Jihar Barno, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da shi daga Afirka. Sai dai mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022, wanda ya fi tsanani a Kano, ya fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba.

Yanzu ga batun inshorar lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta tanadi asusu don masu rauni, irin su mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Hukumomin inshora suna riƙe da sunayen waɗanda suka yi rajista. Haƙƙi ne a kansu su riƙa duba littafinsu, su ga wace mazaɓa ce matanta ba sa zuwa awo, wane ƙauye ne yaransa ke karɓar allurar farko su ɓace. Sannan su bi sawu su ji dalili: nisa ne, ko rafi ne ke raba su da asibiti da damina, ko babu ma'aikaciya mace? Kowane dalili da maganinsa. Amana ce kuma a kansu su tsare sirrin iyali.

Roƙonmu ga malamai shi ne su yi bayanin wannan a huɗuba da wurin raɗin suna. Iyaye kuma a yi wa jariri rajistar haihuwa, a adana katin rigakafinsa, a kai shi asibiti da zarar an haife shi, sannan a mako na 6, na 10, na 14, da wata na 9 da na 15. Allurar kyauta ce.