Karatun Digiri Daga Cikin Gida

  

Yau maganarmu ta taso ne daga wata wasiƙa da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Unguwar Sanusi, nan cikin Kaduna. Ta ce ta gama sakandare da sakamako mai kyau aka yi mata aure, yanzu 'ya'yanta uku, tana sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida. Ranta na son digiri a fannin kasuwanci. Yayanta ya ce ta nemi Jami'ar Jihar Kaduna ta riƙa zuwa aji kullum kamar kowa. Maigida kuwa ya ce shi bai hana karatu ba, amma fita tun safe har la'asar, wannan kam a'a. To ina mafita?

'Yar uwa, kafin in ba ki amsa, bari in tuna mana wani abu. Karatu ya iske mace har ɗakinta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, dattawan mata masu yawo gari-gari suna kai wa mata karatu, su ne ake kira 'Yan Taru. Yau abin da ya sauya shi ne ɗan aiken: maimakon jaji da malfarta, sai waya da intanet.

Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sai Obasanjo ya farfaɗo da ita a mulkinsa na farar hula. Shi kansa ma bayan ya sauka a can ya yi karatu har digirin digirgir. Hedikwatarta tana Abuja, tana kuma da cibiya nan Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma tana da sashen karatu daga nesa, kuma akwai fannin kasuwanci a ciki. Malaman makaranta da yawa a unguwanninmu ma ta irin wannan hanya suka ƙaro ilimi, a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke hanyar Zariya.

Yadda abin yake a NOUN, za ki yi rajista, ki sauko da littattafan darasi a wayarki ko kwamfuta, ki karanta lokacin da kika samu sarari. Akwai aikin gida da ake yi ta intanet, yana ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma 70. Ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Wadda ta fara daga tushe, shekara huɗu ne mafi ƙaranci. Mai difloma ko takardar NCE tana iya shiga daga aji na biyu.

Ni dai a ganina, ga mace mai sana'a a hannu da yara a gaba, wannan hanya ta fi. Dalili kuwa, sana'ar gida ba ta jiran kowa. Ranar da mai saye ta yi sallama sau biyu aka ce ba kya nan, to ta koma gidan maƙwabciya, kuma da wuya ta dawo. In kin tafi aji kullum, ribar da za ki biya kuɗin makaranta da ita ce za ta fara tsayawa. Ga kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, ga wanda zai riƙe miki goyo. Sannan kada mu manta da yajin aikin malaman jami'a: a 2020 an yi wata tara, a 2022 an yi wata takwas, ɗalibai na zaune a gida.

Wani abin kuma, darasin da kika karanta da dare, gobe da safe za ki gwada shi a kan kayanki. Da yawa daga cikinmu, mu faɗi gaskiya, ba mu raba uwa da riba. Kuɗin atamfa da na cefane da na adashi duk a gwangwani ɗaya suke. An yi biki a dangi, an ɗebi na anko. Bashi kuwa a ka ake riƙe shi, ba a littafi ba. Sai a wayi gari jari ya karye a ce hassada ce ko baki. Wadda ta koyi rubuta shiga da fita, ta san nawa kowane turmi ya ci mata har da kuɗin ɗan aike, ba za ta sake sayarwa a faɗuwa tana murna ba.

Amma fa kada in yi miki romon baka. Wannan karatu ba ya nufin ba za ki taka ƙofar gida ba sam. Jarrabawa a cibiya ake rubuta ta, kuma takan ɗauki kwanaki a kowane zango. Don haka tun kafin ki biya ko kwabo, ku zauna da maigida ki faɗa masa wannan ƙarara, ku daidaita wanda zai kai ki ya dawo da ke. Kada a bari sai jarrabawa ta zo a fara ja-in-ja, kuɗi sun riga sun tafi. In da hali ma, ku je cibiyar tare ya gani da idonsa, hankalinsa zai fi kwanciya.

Sai kuma kaɗaici, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. Babu malamin da zai kira sunanki, babu ƙawar da za ta ce tashi mu tafi. Ke ce ɗaliba, ke ce mai tsaron kanki. Ga wuta da ba ta da tabbas, ga kuɗin data, ga ƙaramin rubutu a fuskar waya bayan kin gaji da girki. Ki ware awa biyu tabbatattu, ko bayan asuba ko bayan yara sun yi barci, ki kuma nemi wata 'yar uwa mai irin karatun a Tudun Wada ko Badikko ku riƙa tuntuɓar juna.

A kula da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi asusunsa zai samo miki gurbi, ko zai rubuta miki aikin gida, ki rabu da shi. Rajista a shafin jami'ar ake yi, in abin ya shige miki duhu a aika cibiya a tambayo.

Wadda kuma ba ta da takardar sakandare, kada ta karaya. Ana rubuta NECO da WAEC daga waje, sai ta fara da nan.

Lokaci ya yi mana halinsa. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a gaida yara, a huta lafiya.