Manifol ɗin tsohuwar mota: a duba baki kafin a ɗaure

 Yau hirar tamu ta sauka Ankara, babban birnin Gana, a unguwannin Nima da Mamobi, inda kanikawa, waɗanda a can ake ce wa fita, suke ta da injinan tsofaffin motoci.

A Turai, mai tsohuwar Peugeot 504 yana gyara ta ne don ya ɗan zaga gari ranar hutu. A wurinmu kuwa, a-kori-kura 504 ko tsohuwar Hilux ita ce ke kai tumaki kasuwar dabbobi ta Tulaku a Ashaiman, ita ce ke kwaso dusa da buhunan albasa. Ita 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma an yi kusan shekara 30 ana harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975. Shi ya sa har gobe kayanta ba su ɓace ba. Sai dai na asali suna ƙarewa, na kwaikwayo suna cika kasuwa.

Abin da za mu taɓa yau shi ne manifol na shigar iska. Ga wanda bai sani ba, wani ƙarfe ne mai rassa, yawanci na alminiyom, da ke tsakanin kafireta da kan inji. Kafireta ta gauraya fetur da iska, shi kuma manifol ya rarraba wa kowace silinda rabonta. Injin fetur yana son iska wajen kashi 15 ga fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. To idan bakin manifol bai zauna daram a jikin kan inji ba, inji zai riƙa zuƙo iskar da ba ta bi ta kafireta ba. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, sai inji ya riƙa rawa in mota tana tsaye, ya riƙa zafi, a ƙarshe ya ƙone balbul. Mai mota sai ya yi ta sauya fulogi, yana ɗora wa mai sayar da fetur laifi, alhali wata 'yar kafa ce da allura ma da ƙyar za ta shiga.

Wanda zai je kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ko Suame Magazine a Kumashi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya tafi da tsohon manifol ɗinsa a hannu. Cewa "na 504 nake so" ba ya wadatarwa, don akwai injin 1.8, akwai 2.0, kuma kafiretocin ba iri ɗaya ba ne. A ɗora gasket a bakin sabon, a ga ko ramukan sun yi daidai. Sannan a aza rula ta ƙarfe a kan bakin, a haska tocila ta baya. In haske ya ɓullo ta ƙarƙashin rular, bakin ya lanƙwashe, sai an kai shi injin gogewa. Ni dai a ganina, na hannu na asali, wanda 'yan Najeriya ke kira ɗan Beljiyam, in dai bai tsage ba kuma bakinsa a miƙe yake, ya fi sabon kwaikwayo mai ƙyalli. Sabon yakan zo da kaushi a ciki, wani lokaci ramukan kusoshinsa ma a karkace.

Wajen ɗaurawa nan ne ake yawan yin ganganci. Tsohon gasket ba a mayar da shi, komai kyansa a ido. Wasu sukan shafe wurin da gam ɗin silikon su ce ya isa, amma fetur yana cin silikon, bayan 'yan makonni iska ta dawo. Ana fara ɗaure kusoshin tsakiya, a fita zuwa gefe, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Alminiyom ba ya son ƙarfin tuwo: yaron shago ya danne kusa ɗaya da dukkan ƙarfinsa, kunnen manifol ya tsage, shi ke nan kuɗi ya tafi. Bayan inji ya yi zafi ya huce, a sake taɓa kusoshin.

Sai kuma wata magana da nake so masu ɗaukar dabbobi su buɗe kunne su ji. A yawancin motocin fetur, akwai tiyon da ya fito daga manifol ya tafi wurin birki, shi ne ke sa birki ya yi laushi a ƙafa. Wani manifol na kwaikwayo ba shi da mahaɗin wannan tiyo, ko kuma yana wani gefen, sai bakanike mai gaggawa ya toshe tiyon da kusa. A cikin Nima, inda cunkoso ba ya barin mota ta yi gudu, ba lallai ka gane girman haɗarin ba. Amma daga Paga zuwa Ankara tafiyar wajen kilomita 800 ce, ta Tamale da Kintampo da Kumashi. Ka ɗauko raguna 15, ka zo gangara, ka taka birki ka ji shi kamar dutse, a nan ba maganar inji ake yi ba kuma, rayuka ne. Haka ma manifol mai hanyar ruwan lagireto a ƙasansa: in an bar tiyon a sake, ruwa zai tsiyaye a hanya.

Kafin ka biya masta kuɗin aiki, Alhaji, ka sa a ta da inji a bar shi yana aiki a tsaye. A sami guntun tiyo, a kanga baki ɗaya a kunne, a bi layin gasket da ɗayan, ana kiyaye fanka da bel. In akwai kafa za ka ji tana tsaki. Kada a yayyafa fetur don gwaji kusa da inji mai zafi. Daga nan ka taka birki sau uku da inji a kashe, ka riƙe shi, a ta da mota. In ƙafarka ta ɗan nutse ƙasa, tiyon birki yana aiki. In ba ta motsa ba, kada a loda ko akuya ɗaya sai an duba.