Jawabin Kwamitin Lafiya: Wanke Cikin Yaro Kafin Awon Hanji

 

Abin da ya tashe mu yau duk kun san shi. Mun ɗebi kuɗi cikin asusun ƙungiya mun kai wani yaronmu Yamai, don ya daɗe yana kashi da jini, maganin atuni kuwa bai tsai da shi ba. Likita ya ce sai an duba babban hanjinsa, ya ba da randebu. Daren jajibiri yaro ya yi ta kukan yunwa, kakarsa ta ji tausayi, ta dama fura ta ba shi a ɓoye. Da safe likita bai ga komi ba sai dauɗa. Aka ɗaga ranar, kuɗin mota da na magani suka tafi banza. Ba mu ga laifin tsohuwa ba. Laifin namu ne, mu da ba mu yi mata bayani ba.

To, ga bayanin. Sunan awon kolonoskopi. Akan sa yaro barci da magani, a zura wata siririyar roba mai fitila da kyamara ta dubura, likita ya bi hanji yana kallo. In ya tarar da ɗan tsiro mai zub da jini, sau da yawa nan take zai cire shi, ba tare da an tsaga ciki ba. Amma kun sani, ba a ganin gindin rijiya sai an yashe ta. Hanji ma haka yake.

Na farko, a gaya wa likita duk maganin da yaro yake sha. Ƙwayar ƙarin jini takan baƙanta kashi, saboda haka akan tsai da ita kamar mako guda kafin ranar.

Na biyu, kwana 2 ko 3 kafin awo, a bar wake, gyaɗa, riɗi, zogale, rama, da gwaba. A ba shi farar shinkafa, ƙwai, kifi, ko burodi.

Na uku, ran jajibiri babu tuwo, babu fura, babu kunu, babu nono. Sai abin shan da ake ganin gindin kofi ta cikinsa: ruwa, shayi marar madara, tataccen romo, da ruwan gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi 1 cikin ruwa lita 1. Kada a ba shi zoɓo, don jansa kama da jini yake a idon likita.

Na huɗu, maganin wanke ciki gwargwadon nauyin yaro ake auna shi. A ba shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Kada a ƙara masa filasko ko kanwa wai don a hanzarta. Zai yi ta zawo, aikin maganin ke nan. In abin da ke fita ya zama ruwa garai, fatsi-fatsi kamar fitsari, to ciki ya wanku. Amma in amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko jiki ya saki, a kai shi asibiti cikin daren nan.

Na biyar, da safe akwai lokacin da likita zai ce ko ruwa kada a ba shi. A kiyaye, don kada ya yi amai cikin barcin magani ya shaƙe.

Jama'a, yunwar yini guda ce. Daga yau, duk wanda zai raka yaro, da wanda zai sauke su a birni, sai mun karanta musu takardar likita a gaban kowa, har da tsofaffi.

Allah shi ba yaranmu lafiya. Wassalam.